Ƙara gurbi ba shi ne horar da likita ba

Wani labari ya ce an ƙara yawan gurbin ɗaliban likitanci a Najeriya, wai hakan zai cike giɓin likitocin da ke tafiya Ingila da Saudiyya. Ni kam ban gamsu ba. Likita a bakin gadon maras lafiya ake yinsa, ba a aji kaɗai ba. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta aikin koyo a asibiti, sai bautar ƙasa, sannan wata shekara 5 zuwa 6 kafin ya zama ƙwararre. Ƙanwata tana shekara ta 5. Ta ce su kusan talatin suke zagaye gado ɗaya, na baya ko muryar malami ba ya ji, balle ya sa hannu ya taɓa cikin maras lafiya. Kuma malaman nan su ma tafiya suke. Masu cewa a riƙe lasisin sababbin likitoci shekara 5 don kada su fita waje, kamar ƙudurin da aka gabatar a Majalisar Wakilai a 2023, su sani cewa ɗaure mutum ba ya sa shi ya iya aiki. To wa zai koyar da waɗannan da aka ƙaro?