A auna damtsen mara lafiya kafin a fara masa gashi

Duk wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki a Kano ya san lissafin da gida ke shiga: kuɗin Adaidaita Sahu zuwa asibiti, kuɗin gashi (wato motsa gaɓoɓi da ake yi wa mara lafiya a asibiti), maganin hawan jini. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne, me mara lafiyar ya ci jiya? A ganina wannan tambaya ce ya kamata ta riga sauran.

A kan kawuna na ga haka. Wata uku ana kai shi gashi, mai gashin yana iya bakin ƙoƙarinsa, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Sai da 'yarsa ta lura agogo ya fara yawo a hannunsa. Ashe tun da ciwon ya same shi haɗiya ke ba shi wuya, da ya ci tuwo sai ya ƙware, shi ne aka mayar da shi kan koko da shayi. Duk tsawon lokacin ba wanda ya ɗora shi a sikeli.

Gashi aikin tsoka ne, ita kuwa tsoka da abinci mai gina jiki take ginuwa. In jiki bai samu ba, namansa yake ci. Daga nan sai rauni ya ƙi warkewa, gyambon kwanciya ya ɓullo, ƙaramar cuta ta kayar da mutum. Haka abin yake ga wanda aka yi wa aikin karaya, da tsohuwar da ta faɗi ta karye a ƙugu.

Tantancewar ba ta da wuya. Akwai ma'aunin MUST na gano masu haɗarin tamowa, da aka fitar a Birtaniya a 2003, abu uku yake dubawa: nauyin mutum gwargwadon tsayinsa, ramar da ya yi ba da niyya ba cikin wata uku zuwa shida, sai ko ciwo ya hana shi cin abinci fiye da kwana biyar. Wanda ya zubar da sama da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa yana cikin haɗari sosai. Wanda ba ya iya tsayuwa kuma a auna damtsensa, in bai kai santimita 23.5 ba akwai alamar rama. Mu da muka saba ganin ana zagaya damtsen yara da tef mai ja da kore don gano tamowa, me zai hana mu yi wa iyayenmu? Kada kuma ƙiba ta ruɗe mu, mai teɓa ma tsokarsa na iya zagwanyewa, kumburi kuma na ƙara nauyin ƙarya.

Wasu za su ce ma'aikata sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo. Gaskiya ne, amma awon nan bai wuce 'yan mintuna ba, ya fi a yi watanni ana gashin da ba ya ci. Hujjar da ta fi damuna ita ce ta talauci: tun cire tallafin mai a 2023 nama ya fi ƙarfin gidaje da yawa, to mene ne amfanin gano matsalar? Amfanin shi ne wake, awara, kunun gyaɗa, ƙwai da nono sun fi nama sauƙi, kuma kuɗin da 'yan dubiya ke kashewa a lemon kwalba zai sayi ƙwai. Sai dai mai ciwon suga ko na ƙoda ba a yi masa da ka, dole a tura shi wurin masanin abinci, wanda ke ƙwarewa in yana cin abinci kuma a duba haɗiyarsa.

Roƙona ga Asibitin Ƙashi na Dala, da na Malam Aminu Kano, da na Murtala, su ware gurbin nauyi da awon damtse a katin duk mai zuwa gashi, a cike tun ranar farko, a riƙa maimaitawa. Jami'ar Bayero da ke yaye masu gashin kuma ta tabbatar kowane ɗalibi ya fita da tef a aljihun rigarsa.