Baƙi a sana'ar buga hoto da katako ta Japan: a duba takarda kafin a duba fasfo

Har yanzu akwai masu ganin cewa hoton katako irin na Japan, in dai ba Bajapane ne ya zana shi ba, kwaikwayo ne. Tarihin sana'ar bai goyi bayansu ba. Lokacin da mawallafi Watanabe Shozaburo ya tashi farfaɗo da ita a Tokyo a 1915, da zane-zanen Fritz Capelari, mutumin Ostiriya, ya soma gwada sabon salon da ake kira shin-hanga. A 1916 ya buga na Charles Bartlett ɗan Ingila, daga baya na Elizabeth Keith 'yar Sikotilan. Tun kafin su, Helen Hyde da Bertha Lum sun zo daga Amurka neman wannan ilimi. Da baƙi aka aza harsashin.

Dalilin da ya sa hakan ya yiwu shi ne aikin dama na taro ne: mai zane daban, masassaƙi daban, mai bugu daban, ga mawallafi mai zuba jari. A nan ne ya kamata a yi wa baƙo tambaya mai nauyi. Idan hannun wasu ne ya sassaƙa kuma ya buga, ina sunayensu? Paul Jacoulet, Bafaranshen da ya tashi a Japan ya rasu a Karuizawa a 1960, yakan sa hatimin masassaƙinsa da na mai bugunsa a gefen takarda. Adalci ke nan, domin rabin kyawun hoton daga hannunsu ya fito.

Wanda ya san yadda ake bugun ba zai yi gardama ba. Kowane launi da allonsa, a da na itacen ceri, yau galibi falankin itacen shina mai sauƙin yanka. A kowane allo ana sassaƙa alamomi biyu da ake kira kento, ɗaya a kusurwa, ɗaya miƙaƙƙiya a gefe, inda takarda za ta zauna. Kuskuren milimita ɗaya a nan ya isa launi ya zarce bakin layi a dukkan kofen. Takardar ta ɓawon itacen kozo ce, ana shafa mata ruwan gam ɗin fata da alif don kada launi ya malale ko gashinta ya manne wa allo. Sai a jiƙa ta, ta kwana tsakanin takardu masu damshi. In wata ta fi wata jiƙa, za ta fi ta miƙewa, launuka su saɓa ko da kento na daidai. In kuma aikin ya ja kwanaki a zafin bazarar Japan mai laima, fumfuna ta ci tarin.

Ba a amfani da tawadar mai, ba kuma injin matsa. Launin ruwa ne da ɗigon kunun shinkafa, a gauraya su a kan allon da buroshin gashin doki, a ɗora takarda, a goge bayanta da baren, wani faifai mai faɗin tafin hannu, cikinsa igiyar ɓawon gora a naɗe, wajensa lulluɓe da ɓawon gora. Kunu ya yi kaɗan, launin ya fito ɗige-ɗige kamar an watsa riɗi. Ya yi yawa, ya taru a bakin layuka ya cike ƙananan ramuka. Sararin sama mai dusashewa daga shuɗi zuwa fari kuwa, sai an sake shirya shi a kan allo ga kowane kofe, a kuma fito da shi iri ɗaya sau ɗari. Wannan gwanintar shekaru take ci.

Shi ya sa baƙin da suka zauna suka koyi wuƙa da baren da kansu suka fi burge ni. Lilian Miller, Ba'amurkiyar da aka haifa a Tokyo, da hannunta take sassaƙa ta buga. David Bull ɗan Kanada ya kwashe shekara goma yana sassaƙa da buga hotunan mawaƙa ɗari na wani tsohon kundi, daga baya ya buɗe ɗakin bugu a unguwar Asakusa ta Tokyo inda matasan Japan ke aiki suna samun abinci. Da wuya a kira wannan kwaikwayo.

Inda nake da ƙorafi shi ne kan masu yin kwas na mako biyu, su koma gida su buga da tawadar mai a takardar inji, su liƙa wa abin sunan mokuhanga, wato sunan wannan sana'a a Japananci, don ya yi tsada. Mai saye na da haƙƙin sanin irin takardar, irin launin, da wanda ya buga. Kuɗin kuma ya kamata ya kai ga masu yin takardar hannu ta hosho a yankin Echizen na Japan da masu tufka igiyar baren, waɗanda 'yan kaɗan ne suka rage. Tun 2011 da aka fara taron duniya na masu wannan sana'a a Kyoto da Awaji, baƙi na cikin masu sayen kayan nan, kuma duk wanda ya zaɓi takardar hannu ya ƙi ta inji, ya taimaka wa wani gidan sana'a a Echizen ya ci gaba da aiki.