Dokta da kifin da ke cin gashin zakara

A teburin wani mai shayi da ke Farin Gada a Jos, Dokta, wanda bai daɗe da dawowa daga Amurka ba, ya buɗe wani ɗan akwati a gaban Baba Basarke da Alhaji Bakano.

Dokta: Baba, wannan ƙudan ƙarya ne da ake naɗawa a jikin ƙugiya da zare da gashin zakara, kuma da shi muke yaudarar kifin tirawut a kogin White na jihar Arkansas.

Baba: Yaro, wane irin kifi ne zai bar tana ya haɗiyi gashin zakara?

Dokta: Kifin ruwan sanyi ne, domin da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 20 sai ya fara galabaita, shi ya sa yake zama a ƙasan madatsar Bull Shoals, inda ruwa mai sanyi ke fitowa daga can ƙarƙashin tafki.

Alhaji: To, a kawo shi Jos mana, tunda sanyi kyauta ne a nan.

Dokta: Wahalar ita ce ruwan ba shi da alkawari, Alhaji. Da asuba yana iya gwiwa, kifi na tasowa sama yana cafkar ƙwari, amma idan aka kunna injinan lantarki na madatsar sai a busa jiniya, kogin ya cika, kifin ya koma gefen gaɓa, dole mutum ya fice da sauri ya sauya ƙuda mai nauyi wanda zai nutse.

Baba: Mu damina ke cika mana kogi, ku kuwa ma'aikacin lantarki ne ke riƙe da daminarku. To, da ka tsira, kwando nawa ka cika?

Dokta: Ɗaya na kama, na auna tsawonsa, na ɗauki hoto, sannan na mayar da shi ruwa a hankali.

Alhaji: Ka mayar da shi? Bayan kuɗin jirgi da na lasisi da na wandon roba?

Dokta: Haka al'adar take, domin wani ma ya samu ya kama.

Baba ya daɗe yana juya shayinsa.

Baba: Wato gaisawa kawai ka je ku yi.

Alhaji: Dokta, don Allah idan za ka koma ka sanar da ni, ni zan tsaya a bayanka da buhu da gishiri.