Wayar dubu tamanin a soket mai tsinken ashana

Tunda mai tallar wayar wutar sifikar nan ya sake sako bidiyo jiya, har da cewa 'yan hassada ne ke kushe masa haja, to bari in sa baki. Kun dai gan shi riƙe da wayar wuta mai kaurin igiyar guga, an yi mata riga da kai mai ruwan zinari, wai da ka jona ta a sifikar situdiyo sai sauti ya "buɗe", murya ta fito tas. Da na yi niyyar kame bakina, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai ga shi ɗan yayata ya faɗa, naira dubu tamanin cur, kuɗin da ya yi watanni yana tarawa don sayen makirfo. Magana ta shigo gida kenan.

Ran Asabar ya kira ni unguwar Mabera a nan Sakkwato in zo in ji. "Kawu, saurara da kyau, wagga waya ta yi aiki ko?" Na saurara. Zuuu ɗin da ke cikin sifikar tun bara yana nan daram. Na duƙa bayan tebur. Sabuwar wayar tana cikin wani ekstenshan da bakinsa ya narke, filoginsa mai ƙafa biyu, an tura tsinken ashana a ramin sama an danna shi a soket. A layin nan kuma firjin gidan yake. Wayar da ke kai sauti zuwa sifika an naɗe ta tare da cajar laftof an ɗaure da leda, wai don kada ɗaki ya yi kaca-kaca. Na ce, ɗana, zare cajar nan. Ya zare. Rabin hayaniyar ya ɗauke nan take. Ya dube ni, ya dubi wayarsa ta zinari, ya sunkuyar da kai.

An bar jaki ana dukan taiki. Ku tsaya ku yi tunani mana. Wutar da muke sha a Sakkwato daga babban layin ƙasa take, ta taso ta wajen Kainji a kan layi mai bolt dubu 330 zuwa Birnin Kebbi, a sauke ta zuwa dubu 132 ta iso nan, ta bi taransifoma, ta bi wayoyin alminiyam na kan turakun unguwa waɗanda kowa ya san yadda aka yi musu ɗori, ta shiga bangon gida. Duk wannan tafiya ta ɗaruruwan kilomita, sai mita ɗaya da rabi na ƙarshe ne zai yi mata wankan tsarki? Ruwa ya taho cikin tsohon bututu tun daga gulbi, kai ka sa wa bakin famfo zinari ka ce ya koma zamzam.

Kuma ita sifikar ba ta cin wutar yadda ta zo. Wutarmu bolt 230 ce, tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, da ta shiga cikin akwatin sai a juya ta zuwa wuta mai tafiya ɗaya irin ta batir, a tace ta, sannan ta kai ga amfilifaya. Sifikoki irin su Yamaha HS5 da yaran nan ke so ko wat 100 ba su ja, wato ƙasa da rabin amp. Wayar da ta zo a kwali tana ɗaukar ninkin wannan sau da yawa ba ta ko yi ɗumi ba. Muddin jan ƙarfe ne na gaskiya a ciki, ƙafafu uku suna aiki, ta zauna daram a raminta, to ta gama nata.

Na san za a ce ai a Turai ma ana sayar da ita, har wadda ta fi wannan tsada. To sai me? Can ma akwai masu kuɗin da ya rasa mai ci. Wani kuma zai ce shi da kunnensa ya ji bambanci. Malam, kunnen da ya biya dubu tamanin dole ya ji bambanci. Na aiki yaron ya sayo ruwan sanyi, na mayar da tsohuwar wayar ta bayan tebur bai sani ba, ya dawo na kunna masa waƙarsa, ya ce wallahi yanzu ne ma ta fara saki. Allah ya shirya.

Ban ce wuta ba ta taɓa sauti ba, kada a juya mini magana. Tana taɓawa sosai, amma ba ta inda ake nuna muku ba. In ka jona laftof a wannan soket, sifika a wancan, wuta kan samu hanyar zagayawa ta cikin wayar sautin, shi ne gunjin nan mai kauri. Ka haɗa su duka a wuri ɗaya mai kyau. Ka raba wayar sauti da ta wuta, in dole su haɗu to su gitta juna, kada su jeru. Ka sayi wayoyin sauti irin XLR ko TRS, su aka ƙera don su kashe hayaniyar da suka kwaso a hanya, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba. Firji, regileta na fanka, ƙwan fitila mai araha, inbatar da ba ta ba da wuta mai santsi, ƙaramin janareta, kowannensu yana da kukansa a cikin sifika.

Abin da ya fi damuna kuma ba sautin ba ne. Gidaje da yawa a garin nan, in ka buɗe soket ba za ka ga wayar at, wadda ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ba sam, ko ka gan ta amma ba ta je ko'ina ba. Ƙasarmu rairayi ce, da rani ta bushe ƙayau, shi ya sa masu aikin ƙwarai ke zuba gishiri da gawayi a ramin ƙarfen at. Yaro yana tsaye ba takalmi, ya kashe fanka don kada ta shiga rikodin, gumin watan Afrilu na zuba, leɓensa a kan makirfo na ƙarfe. Sannan wani gwani ya ce masa ya karya ƙafa ta uku ta filogi, wato ta at, gunji zai tafi. Don girman Allah kada ku yi. Wannan ƙafar ita ce tsakaninka da makara. Rubu'in dubu tamanin ɗin nan ka ba mai gyaran wuta da ya san aikinsa ya duba maka ɗakin.

Mun kwance ledar, mun fitar da firji daga layin, na ba shi XLR biyu da nake da su. Wayar zinarin tana rataye a ƙusa, mai sayar da ita ya ce ba a mayar da kaya.