Kada Ka Mayar Da Na'urar Numfashi Cikin Kwali

Assalamu alaikum. Wannan nasiha ce ga 'yan uwana magidanta a nan Sakkwato, musamman waɗanda likita ya tabbatar musu suna da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, aka rubuta musu na'urar CPAP, mai tura iska ta cikin takunkumin da ake ɗaurawa a fuska lokacin barci, suka yi ɗawainiya suka saya, sannan bayan mako ɗaya ko biyu suka naɗe ta suka ɗora saman durowa. Hujjarsu kusan ɗaya ce kullum, kuma za ka ji ta da bakinsu: "Wanga abu shi ka hana mini kwana." Ban ƙaryata su ba, domin kwanakin farko suna da wuya ƙwarai. Sai dai yawancin abin da ke sa mutum ya tsani na'urar yana komawa ne ga zaman takunkumin a fuska, kuma wannan abu ne mai gyaruwa idan an koma an nemi gyara maimakon a yi fushi a ajiye.

Ya kamata mutum ya san abin da ke faruwa da shi da dare, domin wanda bai ga girman cuta ba ba ya jure wa magani. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da harshe suna sakewa, hanyar iska ta ƙuntace, abin da ke fitowa a matsayin minshari ke nan. Ga mai wannan ciwo hanyar takan rufe gaba ɗaya, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, har sai ƙwaƙwalwa ta firgita shi ya ja numfashi da gurnani, ya koma barci ba tare da ya san ya farka ba. Likitoci suna ƙirga wannan da awa: sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani. Wanda ke kan 30 yana katse barcinsa ne duk bayan minti biyu har gari ya waye. Shi ya sa yake tashi da ciwon kai da bushewar baki, yake yawan fita fitsari da dare, yake gyangyaɗi a wurin huɗuba da wurin aiki, kuma ciwon yana da alaƙa tabbatacciya da hawan jinin da ya ƙi jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna kusan mutum biliyan ɗaya ne a duniya, tsakanin shekara 30 zuwa 69, ke ɗauke da shi.

Na'urar kuwa, wadda wani likitan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ya fito da ita a birnin Sidni a 1981, aikinta bai wuce ta ja iskar ɗaki ta tura ta cikin hanci da ɗan ƙarfi ba, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe kamar yadda take riƙe tayar babur kada ta lotse. Ina jaddada cewa iskar ɗaki ce, domin mutanenmu da zarar sun ga tiyo a fuskar mutum sai su ce an sa masa oksijin, su fara salati da kiran 'yan uwa a waya. Wannan kunyar ta hana maza da yawa amfani da abin da suka saya. Mai mata biyu ko uku ma yakan ajiye na'urar a ɗaki ɗaya, ya ji nauyin ɗaukarta zuwa ɗakin mai girki, sai ya zama yana samun magani kwana biyu yana rasa shi kwana biyu ko huɗu. Ɗan uwa, matar da ta shafe shekaru tana jin numfashinka yana ɗaukewa tana zungurarka cikin tsoro ba za ta raina ka don takunkumi ba. Ka yi wa iyalinka bayani sau ɗaya, ka sa jakar na'urar ta bi ka duk ɗakin da za ka kwana, ko ka mayar da kwanan turakarka idan tsarin gidanka ya ba da dama.

Takunkumi iri uku aka fi sani. Akwai mai rufe hanci kaɗai, akwai mai ƙananan robobi biyu masu zama a bakin ƙofofin hanci, akwai kuma babba mai rufe hanci da baki. Kowanne yana da ƙarami da matsakaici da babba, wasu kamfanoni har da mai faɗi suke yi saboda masu faɗin hanci. Abin da ke faruwa a wurinmu shi ne, ɗan uwa a Kano ko Abuja ko Saudiyya ya sayo na'ura ya aiko, duk takunkumin da aka samu a cikin kwalin shi za a ɗaura, babu wanda ya auna fuskar mai shi. Idan bai zauna ba, sai a ce na'urar ce ba ta karɓe shi ba. Mutane da yawa sai sun sauya takunkumi sau ɗaya ko biyu kafin su dace, kuma kuɗin takunkumi na biyu bai kama ƙafar kuɗin na'urar da za a yi asararta ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaurewa da ƙarfi. Mutum ya ji iska tana tsiyaya ta gefen hanci tana hura masa ido, sai ya ja maɗaurin, ta ci gaba, ya ƙara ja, da safe ya tashi da jan tabo a kan karan hanci da sawun igiya a kumatu, iskar kuma ba ta daina fita ba. Dalili shi ne leɓen robar an yi shi ne da laushi don iskar na'urar ta ɗan kumbura shi ya lafe a fata, to idan aka danne shi sai ya lanƙwashe ya buɗe sabuwar kafa. Yadda ake yi shi ne ka kwanta yadda ka saba kwanciya, domin fuska a zaune daban take da fuska a kwance, ka kunna na'urar, ka ɗaga takunkumin daga fuska kaɗan har robar ta cika da iska, ka mayar da shi a hankali, sannan ka gyara maɗaurin hagu da dama daidai wa daida, ka bar wurin da yatsa zai iya shiga. Akwai ƙananan huji a gaban takunkumin da iska ke fita ta cikinsu kullum. Waɗannan da gangan aka yi su don fitar da numfashin da ka shaƙa ka fitar, kuma wanda ya liƙe su da salatif yana ganin ya toshe yoyo ya jefa kansa cikin haɗari.

Ga masu gemu, kuma mu da yawa ne, babban takunkumin da ke sauka har haɓa ba ya lafewa a kan gashi. Babu buƙatar a kai ga maganar aski, domin mai zama a ƙofofin hanci ba ya taɓa gemu ko kaɗan, abin da kawai yake so a rage gashin baki. Idan kuma baki yana buɗewa cikin barci, iskar ta shiga ta hanci ta fice ta baki, alamarsa ita ce tashi da maƙogwaro a bushe ƙamas, sai a gwada maɗaurin haɓa. Idan toshewar hanci ce ke tilasta buɗe bakin, wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, kuma akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. 'Yan uwa mata su lura cewa maɗaurin da aka daidaita a kan wani kitso zai sauya zama idan aka yi sabon kitso ko aka ɗaura ɗankwali mai kauri.

Wanda yake jin kamar an shaƙe shi da zarar ya sa takunkumi, kada ya fara gwajinsa a tsakar dare lokacin da gajiya ta rage masa haƙuri. Ya sa shi da la'asar ko bayan magariba yana zaune yana sauraron Rima Rediyo, na minti 20 ko 30, da farko babu tiyo, daga baya da na'urar a kunne, har jiki ya daina ɗaukarsa baƙo. Ƙarfin iskar ana saita shi tsakanin lamba 4 da 20 a ma'aunin na'urar, kuma yawancin na'urori suna da tsarin farawa da ƙaramin ƙarfi su riƙa hawa a hankali har barci ya ɗauke mutum. Idan ka tashi da kumburin ciki da yawan gyatsa, iska kake haɗiya, kuma wannan dalili ne na komawa a duba saitin. Kada ka ba yaron gida mai iya latse-latsen waya ya rage maka, domin ƙarfin da bai isa ya buɗe maƙogwaro ba wahala ce babu lada.

Yanayin garinmu yana da nasa sharaɗi. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar ta riga ta bushe, idan aka tura ta cikin hanci tsawon dare sai ta kawo ƙaiƙayi da toshewa har da haɓo. Maganin wannan shi ne tankin ruwan da ke jikin na'urar, wanda ke jiƙa iskar kafin ta iso. Tataccen ruwan da ake samu a manyan kemis ya fi dacewa, domin ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri a tankin, kuma ko wane ruwa aka zuba a zubar da saura da safe a bar tankin ya bushe. Al'adarmu ta shafa basilin a fuska da cikin hanci lokacin sanyi ba ta jituwa da takunkumi, saboda maiƙo yana sa robar ta zame kuma yana lalata ta da wuri. A wanke fuska da sabulu kafin kwanciya, a bar shafa mai sai da safe, a kuma riƙa wanke robar da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi a shanya ta a inuwa. Ƙaramar matatar da ke bayan na'urar, wadda a wasu ƙasashe take kai wata guda, a nan ƙurar hunturu takan mayar da ita ja cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa duba ta. Duk abin da ke cikin iskar ɗaki na'urar za ta kai shi huhu, saboda haka turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a gama da su hayaƙin ya fita kafin a kunna ta. Gidan sauro ya fi, a ajiye na'urar a waje a zuro tiyon ta ƙarƙashi.

Sai maganar wuta, wadda ita ce tambayar farko da kowa ke yi. Idan aka ɗauke wuta kana sanye da takunkumi ba za ka shaƙe ba, domin hujin fitar iska yana nan, babban takunkumin kuma yana da wata ƙofa da ke buɗewa da kanta idan iska ta tsaya. Za ka farka ka cire shi. Amma wanda ya dogara da wutar gari kaɗai zai yi ta rasa dare. Na'urar ba ta cin wuta sosai idan aka kashe mai ɗumama ruwan, ƙaramin batir na sola yana iya riƙe ta har asuba, kuma a ganina duk wanda zai sayi CPAP a Sakkwato ya lissafa kuɗin batir tun farko a matsayin ɓangaren kuɗin magani. Mai janareta ya nisanta shi daga taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba mai kisa wadda ba ta da wari. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 mutane su fito tsakar gida, a ɗora na'urar a kan kujera ko tebur, kada a ajiye ta a ƙasa tana zuƙar ƙura.

Akwai wani abu da ya shafi tsarin darenmu. Da yawa suna sa takunkumin bayan isha'i, su cire shi idan sun tashi nafila ko sahur ko sallar asuba, sannan su koma barci haka nan. Barcin ƙarshen dare shi ne wanda mafarki ya fi yawa a cikinsa, a lokacin ne naman jiki ya fi sakewa, kuma a lokacin ne ɗaukewar numfashi ta fi tsawo ga mutane da yawa. Don haka barcin bayan asuba da ƙailula duk suna buƙatar takunkumi. Mafi ƙarancin abin da ake ƙirgawa a matsayin amfani da na'urar shi ne awa 4 a dare, a darare 7 cikin 10, amma duk awar da aka yi barci babu ita ciwon yana nan yadda yake. Wanda kuma ya ce zai sha maganin barci ko maganin tari mai kodin don ya jure wa takunkumin, ya sani waɗannan suna ƙara sassauta maƙogwaro su kuma danne farkawar da ke ceton sa. Na'urar tana taimakawa wajen hawan jini amma kaɗan ne, ba ta zama dalilin barin ƙwayoyin da likita ya rubuta ba, haka rage ƙiba da kwanciya ta gefe suna rage ciwon.

Mai sayen na'urar gwanjo ya bincika sosai. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke rage ƙara a cikinsu yana ruɓewa yana shiga hanyar iska, kuma zafi da laima suna gaggauta ruɓewar. A duba lambar jikin na'urar kafin a biya, a tabbatar ba ta cikin waɗanda aka janye, takunkumi da tiyo kuwa a sayi sababbi.

Idan za ka koma asibiti, kuma ya kamata ka koma cikin makonnin farko ko da kana ganin komai lafiya, ka tafi da na'urar da takunkumin gaba ɗaya. Yawancinsu suna ajiye bayanin awannin da ka yi, da yawan iskar da ta tsiyaya, da sau nawa numfashi ya ci gaba da tsayawa, kuma da wannan likita zai gane ko takunkumi za a sauya ko ƙarfin iska. Direbobin da ke bin hanyar Gusau ko Birnin Kebbi ko Illela su gaya wa likita sana'arsu a fili, kuma kada su ɗauki doguwar tafiya matuƙar gyangyaɗin rana bai bar su ba.