Mota tana Kwanar Ɗangora

A makarantar da nake koyarwa a Tudun Wadan Zariya, ni ne mai tare makararru. Bakwai da rabi tana yi nake jan ƙofa, duk wanda ya zo bayan nan sai ya yi tsintar leda kafin ya ga aji. Yara sun laƙaba mini Malam Agogo, ni kuwa ina ɗaure fuska kamar na ji haushi, alhali a ƙasan raina daɗi nake ji. Darasin da nake koyarwa kuma labarin ƙasa ne. Ku riƙe waɗannan biyun, za su yi muku amfani nan gaba.

Ƙanena da ke zaune a Agege ne zai yi aure ranar Asabar, sai na tsara tashi ranar Alhamis. Na ce ba zan je tasha in zauna jiran ƙaramar mota ta cika ba, 'yan kamasho suna ta rantse mini cewa saura mutum ɗaya. Lagzuriyas zan bi, manyan motocin nan na kamfanonin 'yan kasuwa da muke kira Makopolo ko da ba kamfanin Marcopolo na Birazil ne ya ƙera su ba. Su ai da lokaci suke aiki. A ɗan ofishinsu kusa da gadar Kwangila har allo suka kafe: Legas, ƙarfe 4:00 na yamma, an ja layi biyu da jan fenti a ƙasa. Ina ganin layin nan na ce na samu 'yan uwana. Na biya kuɗin da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba a biyansa sai da istigfari, aka ba ni kujera mai lamba 7, gefen taga.

Inna ta haɗa mini kaya kamar wanda zai yi hijira: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, rabin buhun gero, sannan jan zakara guda a cikin kwando, wai na surukai ne. Na ce, "Inna, a Legas ma fa akwai kaji." Ta ce, "Akwai wanda ni na kiwata a cikinsu?" Na ɗauki kwando.

Uku da kwata ina Kwangila da 'yan rakiya mutum biyar. Aka yi addu'a, aka yafi juna, maƙwabcina har da cewa in na ga teku in gaishe shi. Huɗu ta yi, babu mota. Na je wurin mai yankan tikiti, na nuna masa allo, na nuna masa agogona. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Malam, daga Kano take lodi, nan tsayawa kawai za ta yi ta kwashe ku. Yanzu haka ta wuce Kura."

Na yi lissafi irin namu na malamai. Kano zuwa Zariya wajen kilomita 150 ne, ko tafiyar hawainiya take yi ta iso kafin shida. Ƙarfe biyar na koma, ya ce tana Kwanar Ɗangora. Shida ya ce Tashar Yari, har na fara karkaɗe hula. Bayan magariba na sake leƙawa.

"Tana Kura."

"Ɗazu fa ka ce Tashar Yari. Da baya take tafiya?"

"To Malam, ni nake tuƙa ta?"

'Yan rakiya suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wajen takwas maƙwabcin nan nawa, wanda ya koma gida ya ci tuwonsa ya huta, ya biyo ta wurin a kan babur. Ya taka birki ya ce, "A'a, Malam, har ka dawo? Ya mutanen Ikko?"

Takwas da rabi sai ga wani dattijo mai fataucin goro ya iso hankali kwance, da buta da darduma a hammata, ya shimfiɗa ya zauna. Na tambaye shi ko bai ga an rubuta ƙarfe huɗu ba. Ya yi murmushin tausayi ya ce, "Ɗana, wannan huɗun ta sabon shiga ce." Shi ya buɗe mini ido. Ashe motar ba don mu take tashi ba, don buhuna take tashi. Sai an cika cikinta da albasa da wake da busasshen barkono, don abin da kaya suke kawowa fasinja ba ya kawo shi, sannan direba ya tuna da allo. Ya ce shi da yaron mota yake waya, ba da ofis ba.

Da na yi hankali, da na liƙe wa dattijon nan kamar ƙaska. Amma goma saura yunwa ta ci ƙarfina, na tsallaka titi wurin mai shayi na ce a soya mini Indomie da ƙwai biyu. Loma ta farko tana hanyar baki na hango ta: doguwa, fitilu ja da kore, da fentin kamfanin nan sak, tana barin gaban ofis. Na yar da cokali. Mai shayi yana kiran canji, ni ina kiran ɗan acaba.

"Bi motar can! Ko nawa ne!"

Kada ka taɓa ce wa ɗan acaban Zariya ko nawa ne. Yaron nan ya kwanta a kan babur, babbar rigata ta cika da iska ta zama lema, hulata ta yi nata wuri har yau ban sake ganinta ba. Muna ratsa tsakanin tireloli ina kalmar shahada da ƙarfi, shi kuwa yana ce mini, "Baba, riƙe ni da kyau." Sai a Ɗan Magaji muka cim mata, inda ta rage gudu. Na dira ina dukan ƙofa da tafin hannu. Kwandasta ya buɗe, ya haska tikitina da tocila, ya ga tambarin kamfani, ya jawo ni ciki.

Nan fa na buɗe masa aji. Na ce awa shida ina jiranku, minti biyar na tsallaka titi ku tafi ku bar ni? Wannan wane irin rashin tsari ne? Ya yi ta kallona. Na ce kayana fa? Ya ce, "Kaya duka yana ciki, Malam." Na nufi lamba 7, na tarar da wani ƙato ya cika ta har ya malalo kan ta takwas, yana minshari. Kwandasta ya ce in yi haƙuri da atacimen zuwa gaba.

Wanda bai san atacimen ba, wani ɗan benci ne da ake jerawa a hanyar da ke tsakanin kujeru, ba majingina, ba abin dafawa. Gwiwarka tana bayan na gabanka, gwiwar na bayanka tana ƙugunka. In mota ta faɗa rami ku tashi tare, ku sauka tare, kamar masu sallar jam'i.

Muna wuce Jaji wani ya miƙe da littafi ya fara wa'azi, mota duka ta ɗauki waƙa da Ibo. Na karanta Ayatul Kursiyyu tawa a zuci, na ce ai Legas ta kowa ce. Na lura ban ga dattijo mai goro ba, na ce wataƙila yana can baya. Malamin labarin ƙasa ke nan.

Muna shiga Kawo wayata ta yi ƙara. Mai tikiti ne.

"Malam, kana ina? Mota ta iso tun ɗazu, mun loda kayanka har da zakara. Kai kaɗai ake jira, fasinjoji sai zagi suke!"

"Ina cikin mota mana. Mun shiga Kaduna."

Ya yi shiru. "Wace motar?"

Na juya wurin matar da nake danne wa jaka da gwiwar hannu tun daga Zariya. "Madam, don Allah ina motar nan za ta?"

"Anaca."

Mai tikiti ya yi dariya har da tari, ina jin yana ba na kusa da shi labari. Da ya nutsu ya ce kada in sauka cikin daren nan. Ta Anaca da ta Legas hanyarsu ɗaya har Lakwaja, kuma wuri ɗaya suke tsayawa cin abinci, in jira tawa a can. Kwandasta da ya ji yadda ake ciki sai ya miƙo hannu, ya ce kamfani ɗaya ne amma aljihu daban-daban. Na biya kuɗin Lakwaja a kan bencin da ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara.

Sauran daren ba abin faɗi ba ne. Titin Abuja da ake ta gyara tun 2018 ya gaisa da kowane ƙashi na bayana. Zuba, Gwagwalada, Abaji, Koton Ƙarfe, duk garuruwan da nake zana wa yara a allo na wuce su ina gyangyaɗi a kafaɗar wani bawan Allah. Gari yana wayewa muka haye gadar Murtala a kan kogin Neja, aka sauke ni a Lakwaja ba hula, ba jaka, ba buta.

Wajen awa biyu na yi kafin tawa ta iso. Lamba 7 an sayar da ita tun a Kaduna, don haka na sake komawa atacimen. Dattijo mai goro ya hango ni, ya buɗe baki, na roƙe shi da ido, ya mayar da kai ga carbinsa. Allah ya saka masa. Na zauna kusa da wani Bakano mai faɗin murya, kuma kun san tsakaninmu da Kanawa ba a raga wa juna. Ya ɗauka sabon fasinja ne ni, ya fara ba ni labari.

"Malam, ka yi sa'a ba ka biyo mu tun jiya ba. Wani Bazazzagi ne ya shanya mu awa guda cur a Kwangila. Wai malamin makaranta! An yi kira, an yi hon, an duba masallaci, an duba bayan gida, shiru."

Na gyara murya na ce, "Allah ya shirye shi. Mutanenmu ba su san darajar lokaci ba."

"Wallahi kuwa! Ga wani zakara da ya bar mana, tun Abaji yake cara, ba wanda ya runtsa."

Bai rufe baki ba sai ga yaron mota yana tsallake ƙafafun mutane, riƙe da kwandon Inna a sama.

"Ina malamin Zariya da ya hau yanzu? Mai lamba bakwai? Karɓi abinka, mun gaji."

Ya dire mini kwando a cinya. Mota ta yi tsit. Zakara ya leƙo, ya dube ni da ido ɗaya, ya miƙe wuya ya sake wata carar. Bakanon ya kalle ni, ya kalli kwando, ya sake kallona.

"Af, ashe kai ne," in ji shi. "To shi dai zakaran tun jiya yake cikin mota."