Ƙafar ƙwaro mai ɗigo ba ta sake fitowa bayan ya girma

Ana yawan cewa ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi, mai cin ƙwarin ganye, yana sake fitar da ƙafa duk lokacin da ta gutsure. Ba haka abin yake ba. Baligi ya daina saɓa, fatarsa ta ƙanƙare, don haka in ya rasa ɗaya daga ƙafafunsa shida, da biyar zai ƙare rayuwa.

Tsutsarsa ce ke da wannan baiwa. Matakan girma huɗu take bi, sannan ta manne a ganye ta yi shiru kafin ta rikiɗe ta zama ƙwaro. A wannan kwancin ne ƙwayoyin halitta ke taruwa a bakin dungun ƙafar da ta gutsure, su gina sabuwar ƙafa, har farce. Gyaran ba kyauta ba ne: kwancin kan ɗan daɗe, kuma wani lokaci ƙafar kan fito gajera.